Kifin da ake kamawa don hoto: me ya sa suke mayar da shi teku?

Tun da bidiyoyin nan suka fara shigowa wayoyin yara, tambaya ɗaya ce ke yawo a bakin kogi da majalisun dare a yankinmu na Guri: ta yaya mutum mai cikakken hankali zai sha wahalar jawo kifin da ya kai nauyin buhun siminti, ya rungume shi a ɗauke shi hoto, sannan ya buɗe hannu ya bar shi ya tafi?

Wata yamma ƙanena ya miƙa wa baffanmu waya, yana zaune a gindin tsamiya yana ɗinkin kalli. Baffa ya haura shekara 40 yana su a Kogin Haɗeja. Ya ajiye zaren, ya ƙura ido. Wani Bature ne a bakin jirgi, ruwan da ke ƙarƙashinsa shuɗi ne garau har ana hango ƙasa, ya ɗora wani faffaɗan kifi mai ƙaton kai a cinyarsa yana washe baki. Can sai ya sunkuya ya zura shi cikin ruwa.

"Kai yaro, dawo min da shi baya in gani," in ji Baffa. Da ya kalla karo na biyu sai ya ce, "Ko dai kifin nan ba ya ciwuwa, ko kuwa mutumin bai taɓa kwana da yunwa ba."

Waɗanda ke wurin kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Wani ya ce haɗin kwamfuta ne, wani ya ce almubazzaranci ne, wani ya ce ai tsafi suke yi. Da na bi diddigin lamarin sai na tarar hasashen Baffa guda biyun nan duk akwai ƙamshin gaskiya a cikinsu, amma maganar ta fi haka faɗi, kuma ƙarshenta ya zo har bakin koginmu.

Wane irin ruwa ne wannan?

Galibin bidiyoyin ana ɗaukarsu ne a kan duwatsun murjani. Mu abin da muka sani da murjani shi ne jan dutsen ado na wuyan mata, da kuma ambatonsa tare da lu'ulu'u a cikin Suratur Rahman. Wanda ake magana a nan ɗan'uwansa ne. Wasu mitsi-mitsin halittu ne masu rai suke gina wa kansu gida da sinadari irin na alli, su mutu, na baya su ɗora nasu a kai. A hankali, cikin dubban shekaru, sai ya zama tsauni a ƙarƙashin teku, mai koguna da lunguna, inda kifi ke samun maɓoya da abinci. Wuraren nan ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nau'o'in halittun teku sun dogara da su.

Murjani yana son ruwa mai ɗumi, mai gishiri, wanda ya kwanta har hasken rana ke ratsa shi. Shi ya sa duk da Najeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 850, ba mu da manyan duwatsun murjani, domin Kogin Neja da sauran koguna suna juye laka da ruwan daɗi a cikin tekun. Amma alhazanmu sun sha ratsawa ta samansu: Bahar Maliya, daga gaɓar Jidda har zuwa ɓangaren Sudan, cike take da murjani. Mafi girma a duniya yana arewa maso gabashin Ostireliya, tsawonsa kusan kilomita 2,300. Akwai kuma na tsibiran Seshels da Maldibs a Tekun Indiya, da na kudancin jihar Filorida a Amurka.

Su don nishaɗi, ba don tukunya ba

Masu wannan harka ba masunta ba ne a yadda muka san masunci. Likitoci ne, 'yan kasuwa, ma'aikata, waɗanda ke biyan kuɗin jirgin sama da masauki da hayar jirgin ruwa da ladan ɗan jagora, don su shafe mako guda suna jefa ƙugiya. Abin da suke kashewa ya ninka kuɗin kifin da za su kama sau da yawa. Kokawar suke saya. Wanda ya san yadda mutum ke kiwon doki shekara guda don hawan sallah kawai, ko yadda ɗan dambe ke ƙetare garuruwa ba don abin da za a ba shi ba, zai fahimci wannan.

Kifin da aka fi gani a hotunan shi ne wanda suke kira GT, gajarcen sunansa na Turanci, giant trevally. Yakan kai tsawon santimita 170, nauyinsa ya tasam ma kilo 80. Mafarauci ne na gaske. A tsibirin Farkuhar na Seshels an ɗauki hotonsa yana tsalle sama yana cafke tsuntsu. Ba tana ake sa masa a ƙugiya ba. Wani guntun katako ko roba ne da aka sassaƙa da siffar kifi, ana wurga shi nesa, ana fizgo shi yana fantsama ruwa kamar kifin da ya ji ciwo. Da GT ya kai masa cafka sai ya nufi cikin murjani a guje, domin kaifin dutsen ya datse zaren. Mai ƙugiya kuwa aikinsa ya hana shi kaiwa. A nan ake yin ta, kuma sau da yawa kifin ne ke cin nasara.

Harkar tana da hukuma mai suna IGFA, wadda aka kafa a 1939, hedikwatarta a Filorida. Ita ke ajiye kundin bajinta, ta kuma tsara ƙa'idojin kamu. A da, kafin a rubuta sunanka sai ka kai kifin gaɓa an ɗora shi a ma'auni, wato sai ya mutu. Tsofaffin hotunan duk haka suke: kifi a rataye ta wutsiya, mutum a tsaye a gefensa. A 2011 hukumar ta buɗe wani sashe da ake auna tsawo kawai. A shimfiɗa kifin a kan ma'aunin tsawo, a ɗauki hoto, a sake shi da rai, in ba haka ba bajintar ba ta karɓu ba. Ke nan hoton ne ya maye gurbin gawar. Wanda bai gane wannan ba zai ta ganin kamar mutumin ya tashi a tutar babu, alhali a wurinsa ya riga ya tafi gida da abin da ya zo nema.

Dalilan saki

Hasashen Baffa na farko ya yi daidai a kan wasu kifayen. Akwai wata guba da ake kira siguwatera, wadda ke fitowa daga wasu ƙananan halittu da ke manne wa ciyawar teku a wajen murjani. Ƙananan kifi su ci, manya su ci ƙananan, gubar ta yi ta taruwa. Saboda haka mafi girman kifi shi ne mafi hatsari, musamman barakuda, wani dogon kifi mai kaifin haƙora, da wasu nau'o'in gurufa, wato kifaye masu kauri da faɗin baki da ke zama a lungunan murjani, da shi kansa GT a wasu wurare. Gubar ba ta da wari, ba ta canza ɗanɗano, kuma dafuwa ko suya ko banda ba sa kashe ta. Wanda ya ci yakan yi amai da gudawa, leɓɓansa da yatsunsa su riƙa tsira, wani har ya taɓa ruwan sanyi ya ji kamar wuta. Mutanen tsibiran sun san lungun da ake cin kifinsa da wanda ba a ci, kamar yadda makiyayi ya san ciyawar da ke kashe dabba.

Sai doka. A Ostireliya, tun 2004 kusan kashi ɗaya cikin uku na yankin babban murjanin nan an hana kamun kifi a cikinsa kwata-kwata. A Filorida akwai wani ƙaton gurufa da aka taɓa kama mai nauyin fiye da kilo 300 a 1961. An yi ta kashe shi har ya kusa ƙarewa, sai aka haramta ɗaukarsa a 1990. Sai a 2023 aka ɗan sassauta, aka ba da izinin guda 200 kacal a shekara, su ma matasa, ba manya ba. Shekara 33 ana jiran kifi ya farfaɗo.

Amma dalilin da ya fi damuna, wanda kuma nake son masuntanmu su ji, shi ne na iri. Kifi ba kamar akuya ba ne, da babba da ƙarama duk 'ya'ya biyu ko uku za su haifa. Uwar kifi duk sa'ad da ta ƙara girma, ƙwanta yana ƙaruwa fiye da yadda nauyinta ya ƙaru. Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya ba da misali da kifin kod, wato wanda ake busarwa kamar itace a kawo mana daga Norwe: uwa ɗaya mai kilo 30 tana zuba ƙwai fiye da uwaye 28 masu kilo biyu-biyu, duk da cewa su in an haɗa su sun kai kilo 56. A cikin murjani kuma akwai wani abin al'ajabi na halittar Ubangiji: gurufa da yawa suna fara rayuwa a matsayin mata, sai sun girma sun manyanta wasunsu su rikiɗe su zama maza. Idan aka tsince manya, an kwashe mazan ke nan, matan su zuba ƙwai babu mai baye shi. Kuma kifayen nan ba sa saurin girma. Wasu sukan shekara 30 ko fiye.

Shi ɗan jagora lissafinsa a fili yake. Kifin da aka kashe sau ɗaya ake sayar da shi. Wanda aka saki, wani baƙon zai sake biyan kuɗi baɗi ya zo ya neme shi.

Hoton: ina gaskiya, ina ƙarin gishiri?

Masu cewa haɗi ne ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba, domin yanzu kwamfuta tana iya ƙirƙiro hoton abin da bai taɓa faruwa ba. Amma yawancin ƙarin gishirin ba ya bukatar kwamfuta. Mutum ne zai miƙe hannuwansa gaba, ya tura kifin kusa da kyamara, shi kuma ya ja jikinsa baya, ya ɓoye gwiwar hannunsa a bayan kifin. Mai ɗauka ya durƙusa ya ɗauko daga ƙasa. Duk abin da ya fi kusa da kyamara shi ke cika hoto, sai kifin kilo 15 ya fito kamar na 40. Ƙanena ya gwada da wata tarwaɗa da ba ta wuce tsawon kamu ɗaya da rabi ba, ta fito a waya kamar ramboshi. Mai son gane gaskiya ya dubi yatsun wanda ke riƙe da kifin. In ka ga yatsa ya kusa kai kaurin wuyan mutumin, to an tura kifin gaba ne.

Wannan duk mai sauƙi ne. Inda matsalar take shi ne, hoton da aka ce ya ceci kifi daga mutuwa shi ne kuma yake kashe shi a ɓoye. Kifin da ya gama kokawa a gajiye yake liƙis, kamar mutumin da ya yi tseren gudu, sai kuma a ɗaga shi sama inda ba ya iya numfashi. A 1992 wasu masu bincike a Kanada sun gwada da wani kifin ruwan sanyi. Cikin waɗanda aka gajiyar amma ba a fitar da su daga ruwa ba, kashi 88 cikin 100 sun rayu. Waɗanda aka riƙe a iska daƙiƙa 30, kashi 62. Waɗanda aka riƙe minti ɗaya cur, kashi 28 kawai. Jinsin kifi ya bambanta, GT ya fi wancan juriya nesa ba kusa ba, amma darasin ɗaya ne. Minti ɗaya kuwa ba komai ba ne a wurin mutumin da ke gyara hula, yana cewa a sake ɗauka bai yi kyau ba.

Busasshen hannu yana goge yauƙin da ke kare fatar kifi daga cuta. Rataye babban kifi ta muƙamuƙi yana iya lahanta ƙashin bayansa da kayan cikinsa, domin ruwa ne ya saba ɗaukar nauyinsa. Shi ya sa hukumar Filorida ta ce manyan gurufan nan kada a ɗaga su cikin jirgi, a yi hoton suna cikin ruwa.

Akwai kuma wata illa da mu mutanen kogi ba mu saba gani ba, saboda ruwanmu ba shi da zurfin. A cikin kifi akwai jakar iska, wadda mata ke cirewa in suna gyaran kifi. Duk zurfin mita 10 nauyin ruwa yana ƙara danne ta. Kifin da aka fizgo daga zurfin mita 30, iskar jakar nan takan nemi kumbura har ninki huɗu. Sai ka ga idanunsa sun firfito, tumbinsa ya leƙo ta baki. In aka jefa shi haka ba zai iya nutsewa ba, zai yi ta yawo a saman ruwa har kifin shak ko tsuntsaye su gama da shi. Masu kula suna amfani da wani ƙarfe mai nauyi da ke riƙe bakin kifin ya mayar da shi ƙasa, sannan ya sake shi a can. Bidiyo kuwa yakan ƙare ne a daidai lokacin da kifin ya kaɗa wutsiya, abin da ya biyo baya ba a nuna shi.

Masu suka

Ba mu kaɗai ne abin ke ba wa mamaki ba. A Suwizalan, dokar kare dabbobi ta 2008 ta hana mutum ya jefa ƙugiya da niyyar sakin abin da ya kama. Hujjarsu ita ce, huda bakin dabba da wahalar da ita don jin daɗi kawai ba dalili ba ne. In za ka kama, ka kama don ci. Wannan ya yi kusa da abin da muka karanta a zaure. Alƙur'ani a Suratul Ma'ida ya halatta farautar teku da abincinta, amma Risala ta Ibn Abi Zaid ta faɗa ƙarara cewa farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba don wasa ba kuwa halal ce. Hukuncin kowace mas'ala na malamai ne. Ni dai a raina, mutumin da ya kama don ci, babba ta faɗo masa ya sake ta don iri, ya fi kwanta min fiye da wanda ya ƙetare teku don ya ji yadda kifi ke fizgar zare.

Akwai kuma ƙorafin masuntan tsibiran. Idan aka keɓe wuri don baƙi masu kuɗi, ɗan ƙasa da ke su don ciyar da iyali shi ake fara korewa. Inda aka yi adalci, 'ya'yan masuntan ne ke zama 'yan jagora da matuƙan jirgi, kuɗin ya zauna a gari. Inda ba a yi ba, kamfanin waje ya kwashe, a bar su da dokar hani. Sannan shi kansa murjanin yana fama da abin da ya fi ƙugiya: ɗumamar ruwa, wadda ke sa shi ya yi fari ya mutu. Na Ostireliya ya gamu da wannan a 1998 da 2002, sannan a kai a kai a 2016, 2017, 2020, 2022 da 2024.

Mu kuma fa?

Ba zan ce wa masuncin Guri ko Kirikasamma ko Auyo ya kama giwan ruwa ya saki ba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kifi ɗaya irin wannan shi ne buhun gero, shi ne kuɗin magani, shi ne gyaran kwale-kwale. A nan hasashen Baffa na biyu ya tabbata: mai sakin nan ya ƙoshi.

Sai dai asalin hikimar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Dubi Argungu, inda bikin kamun kifi ya faro tun 1934, UNESCO kuma ta sa shi a kundin al'adun duniya a 2016. A bikin 2020 kifin da ya zo na ɗaya kilo 78 ne, ya yi kafaɗa da mafi girman GT. Ba sa'a kaɗai ba ce. Kogin Matan Fada, inda ake bikin, ana rufe shi ne a hana su a cikinsa har ranar biki, Sarkin Ruwa yana sa ido. A fadamunmu ma haka aka gada, akwai tafkunan da ba a shiga sai Bulama ko Sarkin Ruwa ya ba da izini, a yi su na gayya rana ɗaya. Turawa sun keɓe kashi ɗaya cikin uku na murjaninsu a 2004. Kakanninmu sun daɗe suna keɓe tafki.

Abin da ya same mu ya zo ta hanya biyu. Ta sama, madatsar Tiga da aka gama a 1974 da ta Challawa a 1992 sun rage ambaliyar da ke malala cikin fadama, inda kifi ke zuba ƙwai 'ya'yan su yi ƙiba kafin ruwa ya ja. Ciyawar kachalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Wannan ba laifin masunci ba ne. Ta ƙasa kuwa namu ne: dumba da ake gitta wa kogi daga gaɓa zuwa gaɓa, gidan sauro da aka raba don zazzaɓi ya koma koma, da masu zuba maganin ƙwari a tafki su kashe uwa da 'ya'ya. Dokar kamun kifi ta cikin ƙasa ta 1992 ta haramta guba da nakiya, ta kuma hana raga mai ƙaramin ido, amma wa ya taɓa ganin an zo bakin kogi an auna? Kowa kuma yana da uzurinsa, in na bari wani ba zai bari ba. Mutum ɗaya ba zai iya buɗe idon ragarsa shi kaɗai ba. Sai gari ya yarda, Sarkin Ruwa ya samu goyon bayan hakimi da ƙaramar hukuma, sannan a amsa tambayar da kowa ke kauce wa: watannin da aka rufe ruwa a farkon damina, lokacin da kifi ke ɗauke da ƙwai, me iyalin masunci za su ci?

Da na yi wa Baffa bayanin uwa mai kilo 30, bai yi mamaki ba. Ya ɗago kallin da yake ɗinki, ya zura yatsunsa a ido ɗaya, biyu suka shiga da ƙyar.

"Ɗana, wanda mahaifinku ya koyi su da shi, yatsa huɗu ke shiga," in ji shi. "Ni da hannuna na riƙa rage shi, shekara bayan shekara, ina bin kifin yana ƙanƙancewa."

Na tambaye shi giwan ruwa mafi girma da ya taɓa kamawa. Ya nuna ƙirjinsa da gefen hannu, ya ce daga ƙasa zuwa nan, mutum biyu suka ɗauke ta a sanda. Da aka farke cikinta ƙwai ya cika ƙwarya. Babu hotonta, lokacin babu mai waya a garin. Ya ce ƙanena ya ƙara kunna masa bidiyon, ya tsayar a daidai inda mutumin ya tallafi cikin kifin a cikin ruwa yana jira ya dawo hayyacinsa, ya daɗe yana kallon wurin kafin ya ɗauki zarensa.